Na Ce Wa Mma Fayif Ɗin Hita Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma da wuri, domin abin da ke gabana ba zai jira ni ba. Wanda ya san zagi ya zo yi ya adana abinsa, na sha wanda ya ishe ni a 'yan kwanakin nan, na ƙoshi.

Ni 'yar Kano ce, a Bronx nake zaune, unguwar Tremont. Na haura arba'in, mijina ya rasu da daɗewa, ɗana guda yana karatu a wata jiha, don haka ni kaɗai ce a gida. Aikina kula da tsofaffi a gidan jinya, ɗaga wannan, juya wancan, wani tsohon ya yi biyuna a nauyi. Bayan wannan akwai aikin lada, ina cikin 'yan matan da ke wankan gawa a masallacinmu, kuma ba mu da yawa. Wadda ta koya min ita ce Mma Asana, tsohuwa 'yar Zangon Kumasi, wadda ta riƙe ni tun ranar da mijina ya rasu ban san kowa ba a garin nan, ita ta zauna da ni har na fita takaba. Hausarta irin ta Zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. A gaban mata cike da masallaci ta sha nuna ni tana cewa, "Ran da na mutu kai za ka wanke ni, ban yarda wani ya taɓa ni ba." Wasiyya ce, kowa ya ji, har da 'yarta Rabi, wadda nake kira Yaya Rabi duk da ita ba ta taɓa ɗaukata ƙanwa ba.

To bara sai ciwon baya ya kama ni, irin wanda sai na dafa bango kafin in miƙe daga sujada. Wata rana muna cikin wanka aka zo juya mamaciyar, na kasa, sai da Mma da tsufanta ta karɓe ni. Kunya ta kusa kashe ni. Likitar da ke gasa min bayan ta ce ƙwaya ba za ta yi min komai ba, sai na ƙarfafa naman cikina da na bayana. Na leƙa jim, wato wurin motsa jikin da ke layinmu, maza ne cike da guntayen wanduna, na juyo da hijabina ban ko zauna ba. Sai wata abokiyar aikina 'yar Jamaika, mace har da jikoki amma tana ɗaga majinyaci kamar ba komai, ta ce min sirrinta fol ne. Wato dogon ƙarfen nan da ake kafawa daga ƙasa zuwa silin, ana hawa ana riƙe jiki a kai. E, shi dai, wanda ya zo muku a rai yanzu, na gidajen rawa. Ni ma a'uzubillahi na fara yi. Ta yi dariya ta ce in zo gidanta in gani da idona, ba kiɗa, ba maza, zufa ce zalla.

Na je. Nata farin ƙarfe ne mai sheƙi. Ni kuwa na shafe jikina da man kaɗanya na bi da basilin kamar yadda na saba, ga dogon wando ga riga mai dogon hannu. Ina kamawa na ɗaga ƙafa sai ji na yi tim a ƙasa, ɗuwawu ya sha. Matar nan ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yi min bayani cewa irin nata fatar mutum yake kamawa, sai an fito da cinya da damtse, kuma ba a shafa mai ranar. Na ce mata to ni an gama, ko ni kaɗai a ɗaki ba zan tuɓe in rungumi ƙarfe ba, kuma ba mai raba ni da man kaɗanya a sanyin garin nan. Ta ce in kwantar da hankalina, akwai wanda aka lulluɓe da wata roba, silikon, shi da kaya a jiki ake hawansa, fata tsirara ma ƙona ta yake.

Wallahi ban taɓa bincike a kan wani abu kamar yadda na yi a kan ƙarfen nan ba, ko lokacin da zan yi aure. Akwai wanda ake ɗaurewa da kusoshi a silin, shi ya fi ƙarfi, amma mai gininmu ko hoto ka kafa a bango sai ya aiko maka da takarda. Akwai mai dandamali a ƙasa wanda ba ya taɓa silin, shi kuma zai cinye ɗakina gaba ɗaya, kuma ba shi ɓoyuwa. Sai na tsaya a kan wanda ake murɗawa ya tokare sama da ƙasa, ba huda ba komai. Na ga masu araha marasa suna a intanet, abokiyata ta nuna min bidiyon wata da irinsa ya lanƙwashe da ita, ta ce in ina son haƙorana in sayi na gaske. Na sayi na gaske, mai matsakaicin kauri saboda hannuna ƙarami ne. Ta zo da wata 'yar na'ura muka bi silin har muka gano inda katako ya ratsa, don in aka tokare a filasta zalla wata rana da silin ɗin za ka sauko. Na haɗa da katifar faɗuwa mai zagaye, wadda ake naɗewa a tura ƙarƙashin gado. Abu biyu ne na zaɓa da kaina ba da shawarar kowa ba. Na ɗauki baƙi, don ya yi kama da fayif ɗin hita mai ɗumama ɗaki na tsofaffin gine-ginen nan da ake naɗewa da roba kar ya ƙona yara. Sannan na ɗauki mai hali biyu, in ka ɗaure shi da ɗan makulli a ƙasa ya tsaya cak, in ka kwance ya riƙa juyawa da kai. Mai tsayawa kawai ya ishe ni, kwaɗayi ne ya sa na ce wata rana zan ƙware.

Koyo kuma da bidiyoyin kyauta na fara, waɗanda yara masu jikin roba ke sakawa. Sati bai zagayo ba na ce sai na juya kaina ƙasa yadda na ga suna yi, kafaɗata ta goce, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa har na kasa ɗaura ɗankwali. Daga nan na shiga hankalina na yi rajista da ajin wata malama ta intanet, dattijuwa ce, mata zalla take koyarwa, tana kallonka ta kyamara tana gyara maka. Na gaya mata ba na son kiɗa, ta ce in kashe sautin nawa in bi ƙirgarta. Ba ta bar ni na hau ba sai da na daɗe ina koyon riƙo da rataye jiki da ɗaga gwiwa kawai. Jama'a, abin ya yi aiki. Bayana ya saki, na daina dafa bango, a wurin wanka ni kaɗai nake tallafe kafaɗar mamaciya in juya ta a hankali, Mma tana zuba ruwa tana sa min albarka. Har tambayata ta yi wane magani na sha, na ce addu'arta ce.

Kun san halinmu, baƙuwa ba ta tsayawa a falo, in lokacin salla ya yi kai tsaye uwar ɗaki take shiga, balle Mma da ke ganin gidan nata ne. Ranar da ta fara ganin ƙarfen ta tambaye ni wannan fa, na ce fayif ɗin hita ne sufa, mai kula da gininmu, ya ƙara mana. Ta ce Allah ya yi masa albarka, sanyin bana ba zai dame ni ba. Ko kaɗan ba ta yi tunanin me fayif ke yi nesa da bango ba. Na ji daɗin dabarata, har wani hijabi nake ratayawa a jikinsa.

Watan jiya ne, ana tsananin zafi, na fara koyon juyawa. Na kwance makullin na yi darasina da hantsi, na naɗe katifa na tura ƙarƙashin gado, na shiga wanka na manta ban mayar na ɗaure ba. Da la'asar sai ga Yaya Rabi ta kawo Mma, ba waya ba komai, Mma ba ta san a yi wa mutum waya kafin a zo gidansa ba. Ta yi alwala ta shige ɗaki, ni ina kicin ina ɗora shayi, Rabi tana falo tana danna waya. Da ta idar za ta tashi, gwiwoyinta dama ba lafiya gare su ba, sai ta kama abin da aka ce mata fayif ne ta sakar masa nauyinta duka. Ya juya da ita. Ƙarar faɗuwar nan har yanzu tana kunnena. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Da ma'aikatan motar asibiti suka zo, ɗayansu ya dafa ƙarfen ya ji yana motsi, ya gaya wa ɗan uwansa da Turanci ya yi hankali, fol ɗin a kwance yake, har da ɗan murmushinsa. Rabi a nan ta girma, ba ta buƙatar fassara. Ta dubi ƙarfen, ta dube ni daga sama har ƙasa. Ana ɗora uwarta a gadon ɗauka tana nishi, ita kuwa ta ɗaga waya tana ɗaukar hoton ɗakina, har da gyara tsayuwa don gadona ya fito. Da za a fita da Mma ta kama bakin mayafina ta ce, "Ba kai ka ce hita ne ba?" Ita ce magana ta ƙarshe da ta yi min.

Kafin magariba hoton ya shiga guruf ɗin matan masallaci. Suka yi min caa. Wata ta ce ashe aikin kwana da nake cewa ina yi wannan ne, dama ta daɗe tana mamakin bazawara da ba ta neman taimakon kowa. Wata ta ce ta lura tafiyata ta canza. Wata ta turo saƙon murya mai tsawo tana kuka, wai hannun da ke shafa wannan ƙarfen shi ya wanke mata uwa, a tambayo Malam ko wankan ya yi. Wadda na yi jinyarta da ta haihu, na wanke mata har zanen jini, ita ce ta sa hoton dariya. Na rubuta na yi bayani, na ce motsa jiki ne, da kayana nake yi, ni kaɗai, ba namijin da ya taɓa gani. Aka ce in na lafiya ne me ya sa na yi ƙarya. Da suka ci gaba zuciya ta ɗebe ni na ce musu rabinsu hawa biyu na bene ba sa iyawa sai sun zauna sun yi haki, ranar da suka mutu ni ce dai zan ɗaga wannan tumbin, su yi addu'a in kasance da ƙarfina. Sai aka cire ni daga guruf ɗin, aka kuma aiko a gaya min an dakatar da ni daga wanka.

An yi wa Mma aiki, kamar za ta tashi, sai ciwon ƙirji ya shigo, aka sa mata na'urar numfashi, likitoci suka ce iyali su shirya. Na je asibiti da kunun gyaɗa a fulas don masu jinya, masu gadi suka ce an ba da umarni kar a bar ni. Na tsaya a bakin ƙofa matan da muke cin abinci kwano ɗaya suna wuce ni suna ɗauke kai. Rabi ta aiko da sharaɗi, wai in ina son ganin uwarta, ko in yi mafarkin wanke ta, sai na yi bidiyo ina jefa ƙarfen a shara, in faɗa da bakina cewa rawar kuɗi nake yi a ɓoye kuma na tuba, a saka a guruf. In ba haka ba akwai wata mai wankan gawa a unguwar Tompkinsville da za su ɗauko. Na ce ƙarfe ko yau a zo a ɗauka, na riga na kwance shi ma, ganinsa ba na son yi. Amma in ce na yi abin da ban yi ba, ɗana ya ji, surukan da zai yi gobe su ji, ina! Ta ce to ba abin da ya dame ta.

Ranar Litinin da rana, ina hutun cin abinci a wurin aiki, na kira ta don in sake roƙo. Na ƙasƙantar da kaina, na kira ta Yaya ya fi a ƙirga, na ce ta tuna wasiyya. Ta wanke ni tas. Ta ce na kashe mata uwa da sandar karuwai, ta ce dama maula ce ta liƙa ni a jikinsu, duk na haɗiye. Sai ta ce Allah ya ji ƙan mijina, gata aka yi masa da aka ɗauke shi da wuri bai ga abin da ya aura ba. Nan idona ya rufe. Ban ɗaga murya ba, a hankali na ce, "Yaya Rabi, kin manta wa ya wanke Nana?"

Nana 'yarta ce, budurwa, ta rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Ni da Mma kaɗai muka shiga wankanta, Mma ta hana kowa. Abin da aka gaya wa jama'a ya kashe ta daban, abin da muka gani a jikinta daban, kuma ko uban yarinyar bai sani ba har yau. Ba zan faɗa muku ko mene ne ba. Duk mai wankan gawa ta san doka ta farko, abin da ka gani a kan mamaci amana ce, da kai za a binne shi, ko ishara ba ka yi da shi. Ranar ma da muka fito Mma hannuna ta kama ta ɗora a ƙirjinta, tana kukan jikarta, ta ce in rantse. Na rantse.

Na ji numfashin Rabi a wayar. Sai ta ce, "Ƙanwata." Tunda nake da ita ba ta taɓa kira na haka ba. Ta ce don Allah, don Annabi, in rufa mata asiri, mijinta yana da hawan jini, ƙannen Nana mata ne ba su yi aure ba. Ban ce zan faɗa ba, ban kuma ce ba zan faɗa ba, na ce mata hutuna ya ƙare na kashe waya. Kuma tunda shawara nake nema ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Na koma na ƙarasa abincina tas, rabon da in ci abinci ya yi min daɗi haka tun ranar da Mma ta faɗi.

Kafin in tashi aiki ta goge hoton, ta rubuta a guruf cewa ta bincika, kayan gashin baya ne likita ya rubuta min, duk wanda ya ƙara magana ba ta yafe ba. Aka mayar da ni. Masu zagin nan su ne yanzu ke turo min gaisuwa da fulawoyi, wadda ta ce a tambayo Malam har tuwo ta aiko min, na juye shi a shara. Rabi kuwa kullum sai ta kira ta ji ko na tashi lafiya, ko ina buƙatar wani abu. Jiya na je asibiti, tana ganina ta miƙe ta ba ni kujerarta, mace da ta girme ni, ta tsaya a jikin bango kanta a ƙasa. Ta rame ta yi baƙi, uwarta na mutuwa a gabanta amma ni take kallo ta gefen ido. Mma tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Na miƙa hannu zan riƙe nata na kasa, na mayar da shi cikin hijabi. Da zan tafi Rabi ta biyo ni har bakin lif da leda a hannu, likkafanin Mma ne da ta daɗe da tanada, ta ce in ajiye a wurina tunda ni ce zan yi.

Yanzu ga inda nake. Likita ya ce ko yaushe. Na san Rabi, na san ta sarai. In na je na ce mata ta kwantar da hankalinta, ko za a yanka ni ba zan taɓa faɗar maganar Nana ba, wanda kuma shi ne gaskiya, kafin in kai tashar jirgin ƙasa ta karɓe ledarta ta kira ta Tompkinsville, baƙuwa ta juya Mma, wasiyya ta faɗi. In kuma na yi shiru na bar ta cikin wannan tsoron har Allah ya karɓi abinsa, zan shiga ɗakin wankan, amma da asirin jikar Mma na sayi shigar, bayan na rantse a kan ƙirjinta. Tsohuwar nan ta ce ba ta yarda wani ya taɓa ta ba sai ni, amma lokacin da ta faɗa ba ta san zan iya wannan ba.

Don Allah malamai da iyaye mata na wannan gida, musamman wadda ta taɓa wankan gawa, ku gaya min. In cire wa Rabi tsoro in rasa Mma, ko in ci gaba da riƙe ta a wuya har in cika wasiyya? Likkafanin yana kan gadona, wayata kuma tana hannuna, duk ƙarar da ta yi sai in ɗauka daga asibiti ne. In aka kira ni yau, in je?